Ƙafar Baffa Ba Ta Iya Fulako Ba

Tun da na dawo daga Funtua ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a bencin mai shayin bakin tasha sai wani ya matso ya ce, "Malam Sabi'u, wai da gaske kai ka kai surukinka asibiti? Ku biyu kawai? To me kuka ce wa juna a hanya?" Na ba da labarin har muryata ta dushe, kuma na lura kowa yana ƙara masa nasa gishirin, don jiya na ji wai a bayana na goyo shi tun daga Bakori. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda in ci gaba da shan shayina.

Sai na fara gaya muku wane ne Baffa. Mahaifin matata Ramatu ne, Bafulatani, yana zaune a rugarsu can gabas da Malumfashi, yana noma yana kiwo. Fulatanci ya kusa ƙare masa a baki, amma fulako ko ƙwaya bai zube ba. Shekara shida ina auren 'yarsa, bai taɓa kiran sunana ba. "Mai allin nan" yake ce mini, saboda ina koyarwa a firamare. Bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba, sai dai ya juya ga Inna, matarsa, ko ga duk wanda ke kusa, ya ce, "A gaya wa mai allin nan an gode," alhali ina tsugune taku biyu a gabansa.

Ni ma ban taɓa ɗaga kai na kalle shi sosai ba. Da zai sa takalmi sau-ciki ya wuce ni a kasuwa, ba lalle in gane shi ba. Amma ƙafafunsa kam na haddace su, don shekara shida su nake gaisarwa. Na san tabon ƙaya a dunduniyar hagu, na san farcen da saniya ta taka ya tsage. Na kuma san abin da ko Ramatu ba ta sani ba. In abu ya yi masa zafi, babban yatsan dama ne ke lanƙwashewa ya tona ƙasa. Na ga wannan ranar da kunama ta harbe shi a hannu yana cikin amsa gaisuwata, muryarsa ko rawa ba ta yi ba. In kuwa ya ji daɗi, ƙaramin yatsan hagu ne ke ɗagawa sau biyu. Wannan sau ɗaya na taɓa gani, ranar sunan ɗanmu na fari.

Wata Asabar da hantsi, bazara ta kankama, Inna ta bugo wa Ramatu waya. Ta ce kwana biyu Baffa bai taɓa fura ba, ya yi amai, kuma ta leƙo shi yana salla a zaune a lokacin da yake zaton ba mai ganinsa. 'Ya'yansa maza duk sun yi kudu da shanu tun farkon rani. Ramatu kuwa kwananta goma sha biyu da haihuwa. Ta ajiye wayar ta dube ni, ta ce, "Ba kowa sai kai." Na ce mata a aike ni in kamo bijimi da hannu ya fi mini sauƙi. Ba ta yi dariya ba, sai na ɗauki makullin babur ko karyawa ban yi ba.

Na iske Baffa tsaye a ƙofar bukka cikin farar riga, ga malfa, ga sanda. Ya juya ga Inna ya ce, "A gaya wa mai allin nan lafiyata lau. Amma tunda ya ƙona mai ya zo, ba zan mayar da shi haka ba." Ya hau babur ya zauna can ƙarshen ƙarfen baya, ya gitta sandarsa tsakanina da shi don kada rigarsa ta taɓa tawa. Na ja babur a hankali har wani jaki ɗauke da taki ya wuce mu, mai jakin ya waiwayo ya yi mana sannu.

A Malumfashi muka shiga wani ƙaramin asibiti, na tsaya a waje. Can likitan ya fito yana sosa ƙeya. Ya ce, "Malam, jikinsa da zafi, gwajin jini kuma ya nuna akwai abin da ke ruruwa a ciki. Ina zaton afendis ne. Wata 'yar wutsiya ce a jikin hanji, gefen dama. In ta kumbura aka bar ta, fashewa take yi ta zuba ƙazanta a cikin mutum. Amma na danna ko'ina, ya ce babu ciwo. Kuma mai shekarunsa abubuwa da yawa na kama da wannan, akwai tsakuwar ƙoda, akwai ciwon hanji. Ba wanda zai yanka dattijo a kan zato. Ku tafi Funtua a yi masa hoton ciki, can akwai mai hoto kuma akwai mai tiyata. Kada ya ci kada ya sha, ko da za a shiga da shi aiki."

Na ce, "Zuwa Litinin ba zai yiwu ba, ƙanensa da ya yi tafiya ya dawo?"

Ya ce, "Yau na ce maka, ba gobe ba."

Na ajiye babur a Malumfashi muka nemi bas. A tasha aka ba Baffa gidan gaba, ni kuma na matsu a baya kusa da wata Hajiya mai fataucin daddawa. Ba mu bar gari ba ta tambaye ni ina muka nufa. Kafin in buɗe baki, sai ga muryar Baffa daga gaba, a natse: "Asibiti, Hajiya. Malamin nan ne ba shi da lafiya, na rako shi."

Ku da kuke dariya, ku gaya mini wane ne a cikinku zai ƙaryata surukinsa a cikin bas. Ban musa ba. Kuma gaskiya duk wanda ya dube mu ni zai zaɓa, don ga yunwa, ga gumi, ga idanuna sun faɗa, Baffa kuwa yana zaune a miƙe kamar mai zuwa ɗaurin aure. Hajiya ta dafa ƙirji. Ta lissafa mini sabara, ta lissafa tafarnuwa da jar kanwa, ta ce ƙaninta ma haka ya fara, ba ta faɗi yadda ya ƙare ba. Da muka tsaya a Bakori masu mangwaro suka cika tagogi, ta saya ta miƙo mini guda biyu masu ƙamshi. Na ɗaga kai sai na hango gefen malfar Baffa a madubin direba. Mutum ba ya cin abinci a gaban surukinsa, balle mangwaro mai tsiyaya har gwiwar hannu. Na ce na ƙoshi. Hajiya ta juya ga sauran fasinja ta ce, "Kun gani ko? Ko ci ba ya iyawa." Wani malami a kujerar baya ya ɗaga hannu, motar gaba ɗaya ta yi mini addu'a, kuma amin ɗin Baffa ta fi ta kowa ƙarfi.

Ciwon nawa ya yi mana amfani sau ɗaya. A shingen da ke gaba da Bakori mun iske motoci a jere ana duba kaya. Direba ya leƙa ya ce mara lafiya ya ɗauko. Jami'in ya sunkuyo ya ƙare mini kallo, ya ce, "Kai, Allah ya sauwaƙe," ya janye katakon da kansa.

Funtua ba Malumfashi ba ce. Mu a garinmu in mota ta yi maka oda, direban ya san ka ne yana gaishe ka. Can kuwa kowa oda yake yi ba wanda ya san wani, ga tireloli an laƙa musu buhunan masara, ga motocin auduga, ga harsuna uku a bakin rumfa ɗaya. Muka shiga Keke Napep. Ranar na fara zama kafaɗa da kafaɗa da Baffa, sandarsa a tsaye tsakaninmu, ni kuma kamar kullum idona na ƙasa. Yana sanye da takalminsa na taya, yatsu a waje.

Da muka hau layin dogo keken ya yi tsalle, sai babban yatsan dama ya lanƙwashe har ya shige ƙarƙashin igiyar takalmin. Muka taka tudun rage gudu, ya sake. Muka faɗa rami, ya sake. Sama kuwa Baffa na tambayar mai keken ko an fara ruwa wajen Dandume. A nan dariya ta bar ni. Tsoro ya kama ni sosai, don ko ranar kunama yatsan bai yi haka ba. Na ce wa mai keken ya bi a hankali saboda cikina, ya ce ai tun da muka shigo ya ga alama.

A asibitin na zaunar da Baffa a benci na je yankar kati. Matar da ke tagar ta ce, "Sunan mara lafiya?" Bakina ya ƙi buɗewa, don sunan surukina bai taɓa hawa harshena ba, kuma ko a takardar nan ba da bakina zai fito ba. Na ce, "Sunan ɗan'uwan Annabi Musa." Ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce, "Haruna. Suruki ne ko?" Na ce ita ta faɗa. Ina juyowa wata nas ta cafke hannuna za ta ɗaura mini abin awon jini, ashe Baffa ya riga ya yi mata bayani. Sai da na raɗa mata gaskiya ta sake ni, ta dubi dattijon ta dube ni, ta shige ɗaki da sauri, na ji dariyarta ta bango.

Likitan can ya duba shi ya tura mu ɗakin hoto. Layin duk mata masu ciki ne, Baffa ya juya musu baya ya fuskanci bango har aka kira shi, kuma ba a daɗe ba don takardarmu ta gaggawa ce. Mai hoton wani ne Mista Joseph, mutumin Binuwai, fara'a gare shi, watansa huɗu a Funtua. Hausarsa ba ta cika wuce "sannu", "kwanta" da "akwai ciwo?" ba, kuma nas ɗin da ke yi masa tafinta ta shiga ɗakin tiyata. Ya leƙo ya tambaya wa ke jin Turanci. Na duba hagu na duba dama, babu kowa sai mai alli.

Na shiga na tsaya a ƙarshen gado, na ba Baffa rabin baya, na sunkuyar da kai. Na ji an ɗage riga. Mista Joseph ya matsa wani mai mai yauƙi a cikin, ya ɗora kan na'urar, wani abu kamar ƙaramin dutsen guga mai igiya. Yana aiki yana yi mini bayani da Turanci: na'urar tana aika sautin da kunne ba ya ji, sautin ya dawo ya zama hoto a talabijin. Lafiyayyen hanji in an danna shi lotsewa yake yi, kumburarriyar wutsiyar nan kuwa ba ta lotsewa. Amma ƙarama ce, kuma iskar hanji na tare hoto, don haka babban jagoransa shi ne mara lafiya ya nuna inda ya fi zafi, shi kuma ya bi.

Ya danna ƙasan cibiya ta dama ya ce, "Baba, akwai ciwo?"

"Babu."

Ya matsa ya danna. "Akwai ciwo?"

"Lafiya lau."

Haka suka yi ta yi har na gaji da tsayuwa. Ya duba ƙoda, ya duba hanta da matsarmama, duk lafiya. Daga ƙarshe ya ajiye na'urar ya ce mini bai ga wutsiyar ba, kuma rashin ganinta ba ya nufin lafiyarta lau, tana iya ɓuya a bayan hanji. Ya ce zai rubuta a kai shi Zariya, inda ake da babbar na'urar da ake tura mutum cikinta ɗungurungum, ita iska ba ta tare mata.

Baffa ba ya jin Turanci, amma ya ji Zariya. Ɗakin ba kowa sai mu uku, don haka ya ɗaga kai ya yi wa fankar sama magana: "A gaya wa mai allin nan an gama. Na yi Malumfashi, na yi Funtua, ba zan yi Zariya ba. An duba ba a ga komai ba, a kai ni gida." Na ji yana laluben malfarsa.

Na san Baffa. In ya koma ruga yau, ba mai sake fito da shi sai a makara. Na tuna Ramatu da jaririya a hannu tana cewa ba kowa sai ni. Na ce wa Mista Joseph da Turanci, don kada mai ƙafar ya ji, "Don Allah sake gwadawa sau ɗaya. Ka bar tambayar bakinsa. Ka danna, ni zan gaya maka."

Ya ce, "Ta yaya?"

Na ce, "Ta ƙafarsa."

Ya dube ni yadda ake duban wanda zazzaɓi ya taɓa wa kai, amma ya ɗauki na'urar. Na ce wa fanka a gaya wa Baffa mai hoto ya manta wuri ɗaya. Baffa ya yi ƙwafa ya kwanta.

Ya danna inda ya fara ɗazu. Baffa ya ce babu, yatsan ya ɗan motsa kaɗan. Na ce, "Kusa, amma ba nan ba." Ya yi tsakiya, yatsan ya saki. Na ce ya koma dama. Ya koma, ya hau sama kaɗan, yatsan ya fara tanƙwasa. Na ce ya ci gaba. Muna ta yi kamar masu shigar da tirela lungu, shi yana tuƙi ni ina ba da hannu, Baffa kuwa yana ta jera "babu" a tsakani. Da na'urar ta kai kwiɓi, can gefe wajen baya, Mista Joseph ya danna, Baffa ya ce, "Lafiya lau," yatsun ƙafar dama duka biyar suka dunƙule wuri ɗaya, dunduniya ta kankare zanen gadon.

Na ce, "Nan ne." Da Hausa ta fito, ban sani ba.

Mista Joseph ya sa Baffa ya juya kan gefen hagu, ya sake dannawa a hankali, yana kallon talabijin. Can ya kira ni in gani. Ni dai toka-toka na gani, sai da ya nuna mini da biro: ga ta nan a kwance bayan hanji, ta kumbura ta kai kaurin yatsa, ya danna ta ƙi lotsewa, ga wata 'yar tsakuwa fara a bakinta. Ya ce ba ta fashe ba tukuna. Murna ta ɗebe shi, ya tattaro duk Hausar da ya tara a wata huɗu, ya dafa ƙafar surukina ya ce, "Baba, wannan ƙafa ya faɗi gaskiya!"

A hankali ƙafafun nan biyu suka janye suka shige ƙarƙashin zane. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Kafin la'asar an shiga da shi. Mai tiyatar da ya fito ya ce da mun ƙara yini ɗaya, da wani zancen ake yi. Na samu gindin wata bishiya na zauna, na buga wa Ramatu, ta yi kuka ni ma na yi. Daga nan na tsallaka titi wurin wata Bayarabiya mai abinci, na ci teba da miyar da ta sa na yi wani kukan, na ƙara da shinkafa, na kuma rama mangwarona guda biyu.

Kwana huɗu muka yi. Masaukina tabarma ce a barandar masu jinya, tsakanin wani mahauci daga Ɗanja da wani direba mai munshari ko da rana. Inna ta iso washegari, na huta da yi wa fanka magana. Mista Joseph kuwa kullum sai ya nemo ni. Ya ce shi a garinsu kwano ɗaya suke ci da surukinsa, su kalli ƙwallo tare, har ya taɓa ce masa bai san ƙwallo ba. Na ƙware da ruwan da nake sha. Shi kuma ya kasa yarda cewa shekara shida ban san ko Baffa na da gemu ba. Yana da shi, Inna ta tabbatar mini.

Duk kwanakin nan in na shiga gaisuwa, ƙafafun na cikin bargo. Da aka sallame mu ƙanensa ya zo da mota, ni na biyo bas, don haka ban ga komai ba. Na dawo gida ina tunanin na ceci dattijo na kuma rasa suruki, don na tona masa asiri a gaban baƙo, abin da ya ɓoye tun yana yaro.

Bayan mako biyu Ramatu ta matsa mini na je ruga. Rana ce irin wadda kaji ke buɗe baki don zafi. Baffa na zaune a tabarma ƙarƙashin ɗorawa, Inna na gefe tana dama fura. Na cire takalmi, na tsuguna, na sauke idona inda na saba. Sai na ga safa. Koriya ce shar, mai kauri, irin ta 'yan ƙwallo, har gwiwa, an cusa ta cikin takalmin taya. Inna ta juyar da kai, kafaɗunta na girgiza. Ashe tun a Funtua ya aike ta kasuwa.

Na gaishe shi, ya amsa. Sannan ya juya ga Inna ya ce, "A gaya wa mai allin nan ya daina wahalar da idonsa. An rufe makarantar, ba sauran karatu."

Na ce to. Ban ɗaga kai ba, don ban iya ba. Inna ta ce masa jaririyar ta fara murmushi, kuma wai kwana biyu bayan dawowarmu Ramatu ta gaya mata a waya cewa duk laifin da ni Sabi'u zan yi mata nan gaba ta yafe tun yanzu. Baffa ya gyara zama kamar bai ji ba. Amma safa ba bango ba ce. Ina kallo, a can gefen hagu, ƙarƙashin koren zaren nan, ƙaramin yatsa ya ɗaga sau biyu.